Ƙwaya a Bayan Faifai

"Jaruminka ya mutu, Ajidan," in ji Madam Habsatu. "Aljanin rijiya ya ja shi ƙasa."

Duk Alhamis da yamma ita da abokanta suke haɗuwa a gidanta a Filingue suna wasan labari. Ita ke shirya labarin, kowa ya riƙe jaruminsa, ƙwayar lido ta yanke wanda zai tsira. A dokar wasan, mai labari a bayan faifai take jefa ƙwayarta, ba mai gani.

Tun da soji suka karɓe mulki Ajidan Magagi, wani babban soja na garin, ya cusa kansa cikinsu, wai yana sa ido kan taro. Sai wasan ya shiga ransa.

"Ɗaga faifan in gani!"

"Ba a ɗagawa. Abin da na ce, shi ke nan."

"Kin san ina iya ruhe wurin ga yau?"

"Ruhe. Shi dai ya mutu."

Ya miƙe, ya daɗe yana hararar ta, sannan ya fizgi hularsa ya fice.

Ibrah tela, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya ɗaga faifan. Ƙwayar shida ta nuna. Jarumin ya tsira sarai.

"Madam! Don Allah, mi ya sa?"

Ta ci gaba da zuba shayi. "Kullum su ka jefawa bayan faifai, su hwaɗa muna a rediyo. Yau shi ma ya ji in da daɗi."