Ragar Gindin Ɓaure

Raɓa ba ta bushe ba Dogo ya kutsa cikin kurmin, yana taku kamar mage ta hango kifi.

Ƙa'idar Farfesa, shugaban tawagar masu binciken tsuntsaye, ba ta da wuya. Kowa ya kafa ragarsa, ya ɗaura ƙyallensa a kan sanda. Tsuntsu na mai ƙyalle ne. Wanda kuwa ya kamo ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da aka zo dominsa, shi kaɗai za a riƙe a aikin, sauran kowa ya kama gabansa.

Dogo ya yi furfura a wannan sana'a, amma ragarsa ba ta kama komai sai jemage da busasshen ganye. Mijin ƙanwarsa kuwa, wanda shi Dogon ya koya wa ɗaurin raga, ko hula ya jefa sama sai ta sauko da tsuntsu. Ga shi ya samu gindin ɓaure a bakin rafi. Jiya ma har da cewa, “Yaya, kwantar da hankalinka, rabo ba ya ɓata.” Yana faɗa yana murmushi, ɗan nema!

A cikin hazo Dogo ya isa ɓauren, idonsa na kan ragar surukin nasa. Ai kuwa ga shi nan, yana reto, ƙirji ja wur kamar garwashi.

Sata dai ba halinsa ba ce, mutum ne mai tsoron Allah. Sai kawai ya tausaya wa halittar Ubangiji. Ya warware fiffike, ya zare ƙafa, ya buɗe tafin hannu. Fir!

Ya dawo sansani da nishaɗi, har ya zuba wa surukin nasa shayi da hannunsa.

“Sha, ƙanena. Yau ma Allah ya ba da sa'a.”

Surukin ya waiga, ya ga Farfesa na can yana goge tabarau, sai ya matso ya rage murya.

“Yaya, ƙanwarka ta ce in ka rasa aikin nan kada in dawo mata gida. Maza jeka gindin ɓaure, na ji kukan tsuntsun a wurin. Tun jiya da yamma ƙyallenka ne ɗaure a kan sandar.”