Ranar da Aka Ƙona Shayi

Da maƙwabta suka ƙwanƙwasa ƙofa, tsohon maƙerin ya san abin da ya kawo su. Tun da sarkin Ingila ya ɗora wa shayi haraji, mutanen garin Boston suka rantse ba za su ƙara kurɓa ba. Yau ake ƙona na kowane gida a dandali.

"Baffa, kawo gwangwanin," in ji ɗan ƙanensa, jagoran tawagar. "Ko kai ma yaron sarki ne?"

"Sarkin da bai san hanyar Boston ba? Na marigayiya matata ne. Ni ko sau ɗaya ban taɓa shan abin nan ba."

"To, ai ba ka yi asara ba."

Ya miƙa. Bai gaya musu cewa shekara biyu ke nan kullum da safe yakan buɗe murfin, ya shaƙa, ya rufe ba.

Wuta ta kama, jama'a na kiran 'yanci, kowa ya kauce wa hayaƙi. Shi kaɗai ya zagaya ya tsaya a cikinsa.

"Ku dubi kishin ƙasa," wani ya ce, "har da hawaye."

Shi kuwa ƙamshin safiyar matarsa yake zuƙa, kafin iska ta kwashe sauran zuwa teku.