Yatsun Burahima

Tun hantsi Burahima yake kwance ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Mota ce da ya haɗa da hannunsa a ƙofar gidansu a Gure. Ya samo gangar tsohuwar akori-kura, ya yanke mata rufi, ya shafe ta da jan fenti, ya cusa mata moter, wato injin, na wata ƙatuwar motar daji da ta kife a hanyar Kelle. Moter ya cika gaba har batir ya rasa wurin zama, aka yi masa akwatin katako a baya. Wai da ita zai kunyata samarin Damagaram a kan tudun rairayi. Abin da yaran yanzu ke kira aiki ke nan.

Kakarsa Hamsatu na inuwar katanga, zaune bisa wani ɗan mazauni da ta rufe da buhu, tana tsince dabinon garkarta. Jim kaɗan sai ta dafa kwankwaso, ta ja tsaki.

"Maigidana, ka cire wutar?"

"Na cire, Iya."

Bai cire ba. Jiya da la'asar ya haɗa batir don ya jiyar da abokai radiyo, lakile ma, makullin tayar da motar, yana nan maƙale a raminsa. Ya dai amsa ne don ta yi shiru. Kunnenta ya yi nauyi, takan tambayi abu ta sake tambaya.

Aikin ranar na haƙuri ne. Buwat ɗin, wato akwatin giya, mai canja giya da kanta ce, kuma tana da wata tukunyar ƙarfe cike da mai, kombatisar suke ce mata. Sai an ɗaure tukunyar da bulo, wato ƙusa mai murɗi, a jikin wani faranti mai haƙora da ke bayan moter. Waɗannan haƙoran su demarer, mai tayar da moter, ke cafka ya juya in an murza lakile. Wurin ɗaurin kuwa ƴar taga ce a ƙasa, hannu ɗaya take ci. Abokinsa Modu na juya moter a hankali daga gaba, shi yana sa bulo. Suna kan na ƙarshe ƙarfen ɗaurin ya cinye baki, Modu ya hau babur ya tafi tasha aro.

Da mai hankali ne da ya fito ya sha ruwa. Sai ya ce bari ya sa bulon da yatsa kafin Modu ya dawo. Bulo ya suɓuce ya faɗa ciki. Ya cusa hannu yana lalube.

Kowa a Gure ya san ba a kafa kirik, ƙarfen ɗaga mota, a rairayi sai an shimfiɗa masa katako. Burahima ya sani, katakon ne ya yi masa nisa. Kirik ɗin da ya tokare moter ya nutse kaɗan, ba ƙara ba komai. Moter da buwat suka sunkuyo suka danne masa wuyan hannu a jikin shasi, ƙarfen ƙasan motar. Yatsunsa na ciki, kwance kan haƙoran farantin.

Ya ja, bai fito ba. Ya sake ja har fata ta saɓule. Ya ƙi yin ihu, don kada tsohuwa ta ji ta samu abin faɗa har ƙarshen shekara. Modu zai dawo.

Sai ya ji muryarta.

"Lokacin sanarwa a radiyo ya yi. An ce jikin Yabawa ta garin Bune ya yi tsanani, bari in ji ko an faɗi rasuwarta."

Ta ƙarƙashin motar ya ga ƙafafunta sun taso, jan lalle da tsohon silifa, suna nufo ƙofar direba. Jiya tana wurin lokacin da ya murza lakile radiyo ya kama. Amma ina ta san murza ta radiyo da murza ta tayar da mota?

"Iya, kada ki taɓa."

Ƙofa ta buɗe. Motar ta ɗan karkata da nauyinta, ƙarfe ya ƙara cizon hannunsa.

"Iya. Iya Hamsatu, hannuna na ciki."

"Wannan mai ƴar igiyar shi ne lakilen ko? Komai naku a tsuke, kamar wandonku."

Ya buga shasi da ɗayan hannun, ya buga ƙasa da diddige. Ubansa Sha'ibu ya faɗo masa a rai. Injin niƙa ne ya cinye masa yatsun dama, shi ma don ya ce ya kashe alhali bai kashe ba. Har yau in ana cin tuwo a wurin suna, Sha'ibu gefe yake komawa da cokalinsa.

Burahima ya ji ƙarar lakile a hannunta. Ya runtse ido, kalmar shahada na kakkarye masa a baki.

Ta murza. Ta kai shi har ƙarshe, ta riƙe.

Ba abin da ya motsa.

Ƙafafun suka sauko a hankali, suka tsaya daidai kansa. Ta daɗe tana kallon jiƙaƙƙen rairayin da ke ƙarƙashin wandonsa.

"Ashe da gaske ka cire," in ji ta. "Madalla da mai gaskiya."

Yana nan kwance Modu ya iso, ya sa katako, ya ɗaga kirik. Burahima ya fito yana ƙirga yatsunsa da ido, yana cewa ikon Allah ne, Modu, wallahi batir a haɗe yake, a haɗe. A hankali yake faɗa, daga can ƙarshen motar.

"Ikon Allah ne," Hamsatu ta amsa daga inuwar katanga, ba ta ko juyo ba. "Amma kwankwasona ya biya."

Ta yaye buhun da ke kan mazauninta don ta kakkaɓe ƙwallon dabino, ta mayar, ta sake zama a kan batir ɗin.