Allo na Biyar

Ranar Asabar da hantsi, tsohon gwanin ces, darar Turawa mai sarki da doki da sojoji, ya isa zauren ƙungiya kafin kowa. Allo shida na jere a kan dogon tebur, kowanne da kujerarsa. Ya wuce su zuwa ƙarshen zauren, ya zauna yana fuskantar bango, ya ɗaure idonsa da baƙin ƙyalle.

Haka yake yi tun yana ganiyarsa. Ba ya son ganin fuskar abokin karawa. Ya ce fuska tana jawo tausayi, tausayi kuma yana ɓata lissafi. A wasan rufe ido, alƙali ne ke faɗa masa abin da aka motsa a kowane allo, shi kuma ya riƙe duka a kansa, ya ba da amsa.

Katanga ake ce masa. Ba ya kai hari. Sai dai ya yi ta rufe wa mutum ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har mutum ya duba ya ga ba shi da inda zai tura ko soja guda. An girmama shi a ƙasashe da yawa, amma ba wanda ya taɓa jan sa cin abinci bayan wasa. Ya taɓa sa an fitar da ɗan kallo saboda tari. Ko 'yarsa tilo, wadda ya koya wa ces tun ba ta iya karatu ba, ranar da ta fara cinye shi a gida tashi ya yi ya bar mata allon, bai ƙara zama gabanta ba. Ta bar wasan, ta zama malamar lissafi a wani gari. Da ya kira ta ya gaya mata batun yau, ta ce tana da takardun jarrabawa da za ta duba.

Tun rasuwar matarsa bai fita gasa ba. Yana zaune shi kaɗai a saman wani shagon magani, wayarsa kan yi sati ba ta yi ƙara ba. Shi ya matsa wa alƙalin, tsohon abokin hamayyarsa, ya sanar cewa Katanga zai kara da mutum shida ido rufe. Alƙalin ya ce masa yaran yanzu da kwamfuta suke wasa, ba su ma san sunansa ba. Ya ce a dai sanar. Abin da yake son sani ke nan: ko da sauran wanda zai baro gidansa saboda shi.

Ya daɗe a zaune. Can ya ji an buɗe ƙofa, an yi magana ƙasa-ƙasa a waje, an rufe. Sandar alƙalin ta taho tana buga daɓe.

"Sun zo?"

"Tsoho, ka ji da kanka. Duka shidan za a buga. Allo na ɗaya, kai ne da fari."

Ya ce a tura sojan gaban sarauniya. Aka fara.

Zauren ya yi tsit. Ba tari, ba jan kujera, ba raɗa. Ya ji daɗin wannan. Ashe ba a manta da dokarsa ba.

Amsoshin sun riƙa zuwa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa samun biyu a shirye tare ba. Ya yi tsammanin gaggawar matasa, masu jefar da doki don a yi musu tafi. Bai samu ba. Duka shidan masu haƙuri ne, ba mai buɗe masa ƙofa a banza. Ya ce a ransa lallai sun karanci tsofaffin wasanninsa. 

Zuwa azahar ya cinye allo na ɗaya da na uku. Na biyu aka tashi canjaras. Na huɗu da na shida ma ya cinye su, amma da ƙyar, gumi ya jiƙa ƙyallen. Alƙalin ya miƙa masa ruwa, ya ce ko za a huta, kada a ce shi ya kashe shi. Katanga ya ce da a ce yana iya kashe shi, ai da tun suna samari ya yi.

Saura allo na biyar.

A can abin ya bambanta. Mai allon bai ci masa komai ba, bai yi masa barazana ba. Sai dai duk inda ya nufa da doki, ya tarar an riga shi. Ya koma ɗaya gefen, nan ma a rufe. Sarkinsa ya maƙale a lungu tsakanin sojojinsa. Ya san wannan ƙuncin sarai, amma daga ɗaya ɓangaren tebur ya san shi. Ya yi ta juya allon a kansa, yana neman ko ƙaramar kafa. Babu.

"Na sallama," in ji shi.

Ba a yi tafi ba. Ya saurara, bai ji ana tashi ba.

A da, zama yake yi har zaure ya watse kafin ya kwance ƙyallen. Yau ya kasa. Wani ya zauna ya san shi ciki da waje, har ya iya ɗaure shi da igiyarsa. Ya tambayi alƙalin wane ne a allo na biyar, ɗan wa ne, wa ya koya masa. Alƙalin ya yi gyaran murya.

Katanga ya kai hannu ƙeya, ya kwance ƙullin. Haske ya kashe masa ido. Ya juya.

Kujeru shidan na nan a ture ƙarƙashin tebur, yadda ya bar su da safe. A gaban allo na biyar 'yarsa ce tsaye ita kaɗai, ƙafa ba takalmi, ta riƙe takalman a hannu don kada ya ji takunta tsakanin allunan.

"Sannu da ƙoƙari, Baba," ta ce.