Tudun da Darakta Ya Kare

Da jan biro Darakta ya ja layin, daga bakin kasuwa har gindin tudun, sannan ya jingina da kujera yana kallon taswirar kamar wanda aka yi wa haihuwa. Duk ginin da ya faɗo cikin layin nan kada ya wuce hawa ɗaya, domin kowa ya riƙa hango tudun ba tare da wani bango ya tare masa ido ba. Shekara uku ke nan yana fama da wannan tsari a ofishin tsara gari. Ranar Alhamis Minista zai zo ya sa hannu, kuma da zarar hannun ya hau takarda, sunan Darakta ya shiga tarihi tare da tudun.

Shi ba ɗan garin ba ne. Aiki ya kawo shi, aure ya zaunar da shi. Ranar da ya fara shiga ofis ya buɗe taga, ya hango tudun kore shar, shi kaɗai tsaye a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili, sai ransa ya ɓaci. Ga abin tarihi a ƙofar gida, amma mutanen nan sun bar wa awaki! Ya sa aka zaƙulo tsohuwar taswira daga kabad, ya duba sama da ƙasa, babu tudun a ciki. Ya yi tsaki, ya ce masu awon ƙasa na dā ragwaye ne, ba sa son hawa.

Daga nan fa aiki ya kankama. Ya rubuta rahoto mai shafi ɗari biyu a kan abin da ya kira tudun kakanni. Bishiyoyin da ke kai duk tsawonsu ɗaya, sai ya rubuta cewa magabata ne suka dasa su rana guda, don wata hikima da ta ɓace mana. In zafi ya tsananta wani wari yakan taso daga gindin tudun; wannan kuma ya ce ma'adinai ne. Da ya buga sanarwar ɗaukar masu yi wa baƙi jagora, tsofaffi biyar suka bayyana, kowa da nasa tarihin. Wannan ya ce yaƙi aka yi a kai, wancan ya ce wata sarauniya ce kwance a ciki. Darakta ya ɗauke su duka, ya ɗinka musu riguna iri ɗaya. In ya shigo sai su sunkuyar da kai suna cizon leɓe, shi kuwa ladabinsu yana burge shi.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Gidan surukinsa, Baba, tsohon direban manyan motoci, ya faɗo tsakiyar layin ɗoɗar. Ga shi Baba ya ɗora ɗaki a sama saboda ƙaramar 'yarsa da mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu.

Baba ya zo ofis da ƙafarsa, ya yi awa biyu a kan benci kafin a shigar da shi.

"Ɗana, maganar tudun nan nake so mu yi. Akwai abin da ya kamata ka sani."

"Baba, a yi haƙuri," in ji Darakta, idonsa na kan fayil. "Babu abin da ban sani ba a kansa, shafi ɗari biyu na rubuta. In na ƙyale ɗakin nan, gobe da wane baki zan hana wani?"

Baba ya gyara hularsa. "To, Allah ya ba da sa'a."

Aka rushe ɗakin ranar Litinin. Ƙanwar matar Darakta ta kwaso yaranta da katifu suka cika masa falo, matarsa kuma ta daina yi masa magana, sai dai ta dangwarar masa da kwano ta wuce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya ga ya dace da jawabin da zai yi gaban Minista, don haka ya ƙara sakin layi guda a kan sadaukarwa.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa a gindin tudun, aka jera kujeru, 'yan jarida suka cika gaba. Takardar tsarin na kan tebur tana jiran hannu. Amma da fari sai Minista ya haƙa ramin da za a kafa allon tarihi. Aka miƙa masa sabon shebur mai ɗaurin ƙyalle. Sara ɗaya, sara biyu, a na uku aka ji ƙwal!

Wani faffaɗan ƙarfe ne, a lanƙwashe, tsatsa da laka sun cinye shi, amma ana ganin alamar rubutu a jikinsa. Darakta ya karɓe shi cikin hankici, hawaye na neman zubo masa. Ya matsa gaban lasifika.

"Ranka ya daɗe, kakanni sun yi magana da kansu! Ko akwai dattijon da zai karanta mana rubutun magabata?"

Tsofaffin nan biyar duk suka shiga duba takalmansu. Can daga kujerun baya Baba ya miƙe, ya tako a hankali har gaban Minista. Ya roƙi ruwa kaɗan, ya zuba a kan ƙarfen, ya murza da babban yatsa, ya ɗaga shi sama ga haske. Lasifikar tana kunne, dab da bakinsa.

"Ikon Allah, ashe nan ta faɗi," in ji Baba. "Lambar tipata ce, shekara arba'in ina cigiyarta, tun muna juye sharar gari a filin nan kafin a rufe ta da ƙasa."