Kakakin Malam Haladu

Tun da aka sanya wa kowa kakaki a waya, mai yin gaisuwa da ban haƙuri a madadinsa a dandalin zumunta, Malam Haladu tela bai sake rubuta komai ba. Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, masu dubiya har waje. Cikinsu har da ƙanensa Tanimu, wanda rabonsu da magana shekara tara.

Tanimu ya durƙusa, ya riƙe hannunsa. "Yaya, na ga saƙonka. Na gode da ka yafe mini."

Haladu bai san da wani saƙo ba. Amma ya ƙanƙame hannun, idanunsa suka ciko.

"Alhamdulillahi da ka zo," ya ce.

A shafin Haladu, kakakin ya riga ya wallafa wannan godiyar ta zuwan Tanimu tun shekaranjiya.