Bakanike da Rabin Albasa

"Rabin albasa ya isa, Baban yara," in ji matarsa daga wajen taga. "Ɗaya rabin ka kife shi a faranti, na gobe ne."

Bakaniken ya raba albasar biyu, ya kife rabin. Hannun da ke kwance injin mota ko da an rufe masa ido, yau wata uku yana koyon riƙon wuƙa, amma har yanzu yankansa kamar da gatari aka yi. Ya gama yankawa idonsa a bushe. Ya ma manta rabon da wani abu ya sa idon nan ruwa.

Ƙofar kicin a rufe take, kamar kullum. Dokarsa ce tun ranar da girkin gidan ya dawo hannunsa: in ya shiga, ba yaron da zai leƙo. Sai shi, sai risho, sai muryar matarsa ƙasa-ƙasa.

"Waken da ka jiƙa tun safe ba ya cin kananzir. Gwangwani ɗaya na wake, biyu na shinkafa. Kar ka yi masa tozo, na san halinka."

Ya share tozon da yatsa.

Auta ce damuwar. Shekararta huɗu. Zazzaɓi ya sake ta tun makon jiya, amma kwana uku ke nan ba abin da ya shiga cikinta sai ruwan shayi. Ma'aikaciyar jinya ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in yarinyar ba ta ci ba zuwa gobe, za a ba ta gado a ɗaura mata ruwa. Ya gyaɗa kai kawai, kamar an ce masa taya ta yi faci. Abu ɗaya ya sani, ba ya son ƙafarsa ta sake taka asibitin nan.

"Tumatir uku. Ka riƙa zuwa wurin tsohon nan na bakin kasuwa da yamma, yana karyar da waɗanda suka fara laushi."

Tsohon ya tashi daga wurin tun watan jiya. Bakaniken ya matse tumatir ukun da ya samo a wani wuri.

Ya miƙa hannu wajen tagar, ta dakata. Ya zauna a kan bokitin da ya kife yana kallon tururi, har waken ya yi laushi. Ta bayan gida matar tela ta ƙwanƙwasa katangar langa-langa.

"Baban Auta, a kawo tukunyar in ƙarasa maka mana. Namiji da ludayi har yaushe?"

"Na gode, Maman biyu. Ana nuna min."

Matar ta ɗan tsaya, ta ja numfashi, ta ja takalminta ta tafi. A gareji ma abokan aiki sun daina tsokanarsa da mijin-ta-ce, in ya ajiye sifana ƙarfe biyar ya ce za shi ɗora tukunya. Yanzu kowa sai ya sunkuyar da kai cikin inji.

"Busasshen kifi ɗaya, ka marmasa shi sosai, kowa ya ji ƙamshi ko bai ga tsoka ba. Ƙashin ka tsince da kyau saboda Auta. Mai cokali biyu. Wannan ba injin mota ba ne da za ka yi ta ɗura masa."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari, a daidai inda takan koma. Ya jira tarin ya wuce. Da can wannan zolayar takan sa shi murmushi. Yanzu jin ta kawai yake yi, kamar yadda yake jin ƙarar risho.

"Babbarmu na jarrabawa, kar ka bar mata wanke-wanke."

An gama jarrabawar, an yi hutu, an ma koma makaranta. Ya sauke tukunyar, ya zuba a ƙaramin kwanon roba mai hoton agwagwa, ya fifita da murfi.

Bai ji buɗe ƙofar ba. Babbar 'yarsa ce tsaye da Auta a kafaɗa, wuyan yarinyar ya langaɓe.

"Baba, yi haƙuri, ta ƙi ruwan ma yanzu. Na rasa yadda..."

Idonta ya sauka kan tagar. Ya yunƙura zai kai hannu taga, bai kai ba.

"Auta kuma kar ka matsa mata," in ji matarsa. "Ka hura mata ya huce. Ka ce ni na ce: 'yar Umma, buɗe baki, haa."

Sau nawa ya isar da wannan saƙon da bakinsa, yarinyar tana kawar da kai. Yau sai ta ɗago. Ta dubi tagar, ta dubi ubanta, ta buɗe baki.

Ya kai mata cokalin baki, wake biyu suka zube ƙasa. Ta tauna a hankali, ta haɗiye. Babbar ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. Ya ɗebo na biyu, Auta ta rufe baki gam.

"Sai Umma ta sake cewa."

Bakaniken ya goge hannunsa a wando. Ya ɗauko wayar da ke jingine a jikin tagar, ya ja saƙon baya da yatsa mai baƙin mai, zuwa minti na tara cikin goma sha ɗayan da ta naɗa masa a gadon asibiti, kwana biyu kafin ya binne ta.